Yadda zaka haɗa sojan roba na wasan yaƙi ka sauya masa kama don kyauta, mataki-mataki

Tun ranar da aka ga ɗan lifidin da na haɗa wa yayana, ƙaramin mahayin nan da shi da dokinsa basu kai tsawon yatsa ba, tambaya ɗaya ake ta jefo min, wai a ina na saya. Toh ba saya nayi ba, haɗa shi nayi daga akwati biyu na kamfanoni daban, na yanke nan na dasa can, sauran kuma na gina da hannu. Na gaji da maimaita bayani wa mutum ɗaiɗai shi yasa na zauna na rubuta yadda aikin yake daga farko har miƙawa. Da dokin zan riƙa misali saboda shi na sani sosai, amma ko Space Marine, sojan wasan Warhammer, zaka yi wa mutum ko sojan wasan Bolt Action na yaƙin duniya na biyu hanyar ɗaya ce.

1. Fara da mai kyautar, ba da akwati ba

Nan yawancin mutane suke faɗuwa tun basu taɓa wuƙa ba. Kaga abu ya burge ka ka saya, ka ɓata sati uku a kai, ka kai masa ya ce na gode, sannan ya ajiye a saman firij saboda bazai shiga cikin rundunarsa ba. Mai wannan wasan so yake ya ɗora abun akan tebur ya yi yaƙi dashi, don haka abu uku zaka binciko ba tare da ya gane ba.

Na farko wane wasa yake yi da wace runduna. Na biyu girman sojojinsa, yawancin abun da ake yi yanzu 28mm ne, ana auna shi daga tafin ƙafa zuwa wajen ido, amma akwai masu 15mm akwai masu 1/72, in ka kai wa mai 15mm soja 28mm zai tsaya a cikinsu kamar Sarkin Ƙarfi. Na uku faifan da sojan ke tsayawa a kai, saboda dokokin wasa da shi suke aiki. Space Marine na yanzu faifai mai da'ira ne 32mm, manyan kwamandoji sau da yawa 40mm, mahayin doki a wasannin tarihi galibi mai kusurwa huɗu ne 25mm a 50mm. Ni kai ziyara nayi na ɗauki hoton rundunar yayana ina cewa sun min kyau, na ɗora murfin biro kusa da ɗaya don in gane girman, har launin ƙasar faifansa na ɗauka.

Hattara: in ɗan Warhammer ne mai zuwa gasar da Games Workshop, kamfanin da ke yin Warhammer, ke shiryawa da kansu, su sojojin kamfaninsu suke yarda dasu, kada ka haɗa masa abu rabinsa na wani kamfani. Sannan wani abu da ya shafe mu nan gida, akwai gidajen da basa son mutum-mutumi ko ƙarami ne, in mutumin ba ɗan wasan bane tun asali ka tabbatar kafin ka wahalar da kanka.

Ka ba kanka sati shida. Kusan rabi zai tafi a jiran kaya, sauran kuma jiran abu ya bushe ne.

2. Kaya da kuɗi

Ni akwatin Arab Heavy Cavalry na Gripping Beast na ɗauka saboda doki da gangar jikin mahayi, mahaya 12 ne a ciki, sai Mahdist Ansar na Perry Miniatures mai sojoji 40 saboda kawuna da takubba da garkuwa, fuskokinsu sun fi kama da namu kuma takobinsu miƙaƙƙe ne irin wanda muka sani. Irin waɗannan akwatunan kowanne yana tsakanin fam 20 zuwa 30, na Warhammer mai sojoji goma yana kusan fam 40. Kwalbar fenti ɗaya ta Vallejo ko Citadel wajen fam 3 ce. Bazan juya maka zuwa naira ba saboda kafin ka gama karantawa canji ya motsa. Abun da ke cin kuɗi da gaske shine kuɗin turowa, wani lokacin yafi kayan kansu, in kana da mai dawowa daga Ingila ka roƙe shi ya riƙo maka, akwatunan basu da nauyi.

Abun da dole sai an kawo: akwatunan, Green Stuff (wani ƙulli ne da ake murzawa a gina abu dashi sai ya daskare), ɗan abun huda na hannu da tsinke mai 1mm, fenti kamar kala takwas, ruwan inuwa (tsinkakken fenti mai duhu da ke shiga lungu-lungu) irin Agrax Earthshade ko makamancinsa, buroshi lamba 0 da 1 da 2.

Abun da zaka samu a gari: ƙaramar kota irin ta masu gyaran waya, wuƙar tiyata lamba 11 a kemis, sanfefa mai laushi ko abun goge farce na mata, sufa gulu, Top Bond, matsefata, tsinken sakace, kilif ɗin takarda, basilin, fentin feshi na firaima (shafin farko da sauran fenti ke kamawa a kai) ruwan toka wajen masu kayan fentin mota.

Hattara: kar ka ɗora wa mai riƙo maka kaya gwangwanin feshi ko gam ɗin roba irin Tamiya Extra Thin, masu kama wuta ne, ba'a yarda dasu a jirgi ba, za'a ƙwace a filin jirgi ka jawo masa magana. In baka samu gam ɗin roba ba sufa gulu zai yi maka komai, sai dai bashi da haƙuri. Kuma dan Allah sojojin robar kasuwa na yara, masu laushin nan kore, ka manta dasu, gam baya kama su fenti ma ɓarewa yake.

3. Cirowa da kankarewa

Sassan suna zuwa ne manne a jikin firam. Ka sa gefen kota mai lebur yana kallon sashen, ka yanka ɗan nesa kaɗan, sannan ka rage guntun da wuƙa. Kar ka murɗe da hannu, yana barin rami fari wanda sai ka cike. Kowane sashe yana da siririn layi inda mazubi biyu suka haɗu, ka kankare shi da bayan wuƙa ba da kaifin ba, musamman ƙafafun doki da saman kai da hannu. Aiki ne mai gundura wallahi, amma layin da baka gani yanzu da zarar ruwan inuwa ya hau sai ya fito ɓaro-ɓaro kamar tsage.

Hattara: kaifin wuƙa ya riƙa kallon waje, lamba 11 bata san wasa ba. In akwai sashen resin (wani irin abu mai kama da roba da ake zuba wasu sojojin dashi) ko na ƙarfe a haɗin naka ka wanke shi da ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke, akwai maiƙon mazubi a jikinsa, kuma resin da ruwa ake goge shi a sa takunkumi saboda ƙurarsa ba ta shaƙa bace.

4. Gwaji kafin gam

Ka haɗa komai da Blu Tack, danƙon nan da ake liƙa takarda a bango a kuma cire, ko ɗan guntun Green Stuff ɗanye, kai da hannu da makami da mahayi akan doki, ka ajiye a matakin idonka ka juya shi ta ko'ina. Ka ɗauki hoto da waya, hoto yana tona abun da ido ya yafe. Ni sai da na gwada kai huɗu kafin na samu wanda ya zauna, saboda sojojin Perry sun ɗan fi sirantaka, in ka ɗora kan haka kawai sai ya zama ƙarami akan faffaɗar kafaɗa, dabarar itace ka ɗan ƙara wuya da Green Stuff, rawani ko kwalkwali kuma zai cike sauran.

Abu ɗaya da ke raba sojan da ke da rai da wanda ya sandare: ina yake kallo. Kai ya bi inda mashi ya nuna ko inda dokin ya nufa. In doki ya karkata hagu mahayi yana kallon dama mashi yana sama, sai ya zama kamar wanda aka ɗora shi dole. In kana son sauya tsayuwar hannu, ka yanka a gwiwar hannu ko a wuyan hannu inda akwai gaɓa ta asali, ka cire ɗan yanki siffar gatari daga cikin lanƙwasar, ka lanƙwasa, ramin da ya buɗe a baya zaka cike daga baya. Yanka a tsakiyar damtse kuskure ne, hannun zai fito kamar karyayye.

Hattara: hannun dama da na hagu. Kar ka yi dariya, na taɓa manna wa soja hannun hagu biyu ban lura ba sai bayan firaima. Ka duba babban yatsa.

5. Huda da ƙarfe

Duk inda ka dasa abun da ba nan aka yi shi ba, gam kaɗai bazai riƙe shi ba, sojan wasa kuwa ɗaukarsa ake a ajiye sau ɗari a zama ɗaya, yana faɗuwa, ana zuba shi a jaka. Don haka ka sa masa ƙarfe a ciki. Ka fara yin ɗan tabo da bakin wuƙa inda zaka huda don kar tsinken ya zame, ka huda zurfin 3mm zuwa 4mm, ka sa guntun kilif da sufa gulu, ka bar kamar 3mm a waje. Sai ka ɗiga fenti a kan ƙarfen ka dangwala ɗaya sashen a kai yadda zai zauna, inda fentin ya taɓa nan zaka huda rami na biyu. Wuya, wuyan hannu, ƙasan mahayi, da kofaton dokin da ya taɓa ƙasa, waɗannan huɗun ban taɓa tsallake su ba.

Mashin roba kuma karyewa zai yi, ba shakka. Ka yanke shi sama da ƙasan hannu, ka huda dunƙulen hannun ya ɓulle, ka zura wayar tagulla mai kaurin kusan 1mm, ka buga bakinta da guduma ta yi lebur ka goge ta zama kan mashi. Ka dakushe tsinin kaɗan, in ba haka ba mai kyautar zai tuna da kai duk sanda ya miƙa hannu tsakiyar runduna.

In ɗan Warhammer ne, ƙananan maganaɗisu 2mm ko 3mm a kafaɗa zasu bashi damar canza bindiga, suna son wannan sosai. Ka ɗiga alama a fuska ɗaya ta kowanne kafin ka manna, in ka juya ɗaya hannun zai riƙa tunkuɗe jiki, ciro shi kuma sai an ɓarke.

Hattara: kar ka yanke kilif da kotarka mai kyau zata yi giɓi, nemi tsohuwar filaya, kuma ka rufe da hannu saboda guntun yana tashi kamar harsashi. Sufa gulu ɗigo ɗaya da bakin tsinken sakace ya isa, in yayi yawa yana barin farin hazo. Kar ka goge shi da auduga, zafi yake ɗauka har ya ƙona fata. Maganaɗisun nan in yaro ya haɗiya maganar asibiti ce, ka ɓoye su.

Kar ka manna mahayi da doki yanzu. Ramin ya kasance a shirye kawai.

6. Green Stuff: lifidi da rawani

Toh nan ne aikin yake, nan kuma kyautar take zama taka. Green Stuff zuwa yake kamar zare mai faɗi rabi rawaya rabi shuɗi, ka yanki kaɗan, ka jefar da tsakiyar inda suka haɗu saboda ta riga ta fara tauri, ka murza har ya zama kore tas babu zane. Rawaya in tayi yawa yana laushi da danƙo, shuɗi in yayi yawa yana ƙarfi. Kana da kamar awa ɗaya kafin ya ƙi jin magana, a zafinmu na bazara ma bai kai ba, don haka ka kwaɓa kamar ƙwayar wake a lokaci guda. Yatsu da tsinke su kasance a jiƙe ko da ɗan basilin kaɗan.

Ka fara da cike ramuka, wuya da gwiwar hannu, ka barshi ya kwana. Dokar da na koya da wahala itace sashe ɗaya a rana. Ranar farko na gama gefen dama na lifidin yayi kyau har ina murmushi ni kaɗai, na juya dokin zan yi na hagu, ashe babban yatsana yana kan na daman, zanen yatsana ya fito raɗau kamar na zaɓe. Sauri ya haifi nawa, sai da na ɓare na sake.

Lifidin doki ga yadda nayi. Na samu hotunan 'yan lifidi na Hawan Daushe na ajiye a gabana, kar ka yi da ka, abun da kake zaton ka sani in ka zo ginawa zaka ga baka san inda ya tsaya a ƙafa ba. Ka shafa basilin a leda mai kauri, ka sa Green Stuff a tsakiya ka ninke, ka murje da kwalba har kaurinsa bai fi na katin ATM ba. Ka barshi minti 20 ya ɗan yi jiki, sannan ka yanka gida uku: na ƙirji da wuya, na gefe da gefe, na ɗuwawu. Ka ɗora ka danna daga sama zuwa ƙasa, ƙasan ka barshi yana lilo kada ya manne da ƙafa, ya tsaya wajen gwiwar doki. Tun yana ɗanye ka ɗora mahayin da ka shafa wa basilin a ƙasa ka danna ya yi wa kansa mazauni, ka cire shi. In ka manta wannan zai zauna a sama kamar an ɗora shi akan katifa.

Sai ɗinkin. Lifidi tufa ne da aka cusa wa auduga aka ɗinke gida-gida, to da bayan wuƙa zaka danna layuka a karkace su gitta juna kamar yankan cincin, danna zaka yi ba ja ba, ja yana yage shi. Kowane gida kamar 2mm zuwa 3mm. In ka yi su ƙanana sosai wai don ya zama daidai da na gaske, wajen fenti zaka yi kuka. Bayan ka gama ka bi tsakiyar layukan da tsinken sakace jiƙaƙƙe don gidajen su yi tudu-tudu.

Na mahayin haka ne amma ƙarami, ya rufe ƙirji da baya ya sauko cinya. In sulke kake so a hannu ko a wuya, siririn Green Stuff zaka shafa ka bi shi da bakin allura kana tsira ƙananan ramuka layi-layi, layi ɗaya ka karkata dama na gaba hagu. Rawani kuma murza shi ake kamar taliya siririya a ɗan danne ta yi faɗi, a naɗa zagaye biyu zuwa uku kamar yadda ake naɗa na gaske, a ja layin ninki da wuƙa, amawali daban zaka ɗora ya rufe haɓa da baki, wanda yake taimako ma don ya ɓoye inda ka dasa kan. Ni kwalkwali nayi wa nawa, dunƙule ɗaya na yi na barshi ya bushe, na huda samansa na sa 'yar waya na gina gashin jimina a kanta washegari.

Linzami da hamila da igiyar likkafa kar ka wahala da Green Stuff, tsinkewa suke. Ka yanka siririn zare daga takardar alminiyam mai kauri irin ta murfin gwangwanin madarar gari, tana lanƙwasuwa ta tsaya inda ka sa ta, ɗigon sufa gulu a kowane baki shikenan.

Hattara: gam ɗin nan mai haɗi biyu na bakanikai da ake toshe lagireto dashi ba madadin Green Stuff bane, cikin 'yan mintoci yake daskarewa. Milliput, wani ƙulli mai haɗi biyu irin Green Stuff, yana yi, yafi ma daɗin gogewa da sanfefa, amma a siririn abu kamar bakin lifidi yana ɓantarewa. In fatarka mai saurin ƙaiƙayi ce ka sa safar hannu. Kuma in ka gama duka ka bar shi awa 24, sannan ka wanke sojan da sabulu da tsohon buroshin haƙori, basilin ko kaɗan ya rage firaima bazata kama ba.

7. Faifai

Ka manna dokin da ƙarfen kofato ya shiga faifan. Ka shafa Top Bond, ka tsoma a yashi da ka tankaɗe da rariya, ka ɗora tsakuwa biyu uku. Yashin ka soya shi a tsohon kasko tukuna ya bushe ya kashe ƙwari. In ya bushe ka sake bi da Top Bond da aka tsinka da ruwa don kar ya riƙa zuba. Launin ƙasa da na bakin faifan ka bi na rundunarsa, ba wanda ya maka kyau ba.

8. Firaima

Mahayi ka soke shi akan waya ka kafa a murfin kwalba, doki ka manne shi a wani murfin. Ka girgiza gwangwani minti biyu cikakku, ka tsaya a waje cikin inuwa, nisan kamar 20cm zuwa 30cm, fesa gajere-gajere kana wucewa, ka fara feshin kafin ka iso kan sojan. Gara ka ga ɗan roba yana leƙowa da ka cike ɗinkin lifidin da ka sha wahala a kai.

Hattara: lokaci. Na taɓa fesa wani da rana tsaka a watan Maris, fentin ya bushe a iska kafin ya sauka, sojan ya fito da ƙuraje kamar sanfefa. Da sassafe ake yi. Lokacin hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba, kana gamawa ka kife roba a kai. Fentin mota yana da ƙarfi, ka gwada a guntun firam tukuna, in yayi yawa yana cin roba. In ta ɓaci, ka jiƙa sojan a Dettol mai ruwan ƙasa ya kwana ka goge da buroshi. Banda abun goge jan farce, narkar da shi zai yi.

9. Fenti

Fentin akirilik na ruwa kawai, ba fostakala ba, ba fentin mai na ƙofa ba. A yanayinmu fenti yana bushewa akan faranti kafin ka dangwala sau uku, don haka ka samu robar abinci mai murfi, ka sa soso jiƙaƙƙe, ka shimfiɗa takardar gashin kek a kai, nan zaka riƙa ɗiga fentin, zai kai ka har gobe. Ka tsinka shi da ruwa ya zama kamar madarar ruwa, shafi biyu sirara, na farko zai yi kamar bai kama ba kada ka tsorata.

Daga ciki zuwa waje ake yi: fata, riga, lifidi, ɗamara, ƙarfe a ƙarshe. Fatar baƙin mutum ba da baƙin fenti ake yinta ba, wannan kuskuren yana ɓata min rai in na gani. Ka fara da ruwan ƙasa mai duhu, ka sa ruwan inuwa, ka dawo da ruwan ƙasa mai ɗan ja a hanci da kumatu da gaɓoɓin yatsu. Doki in kili kake so kar ka fara da fari, fara da toka mai haske ka hau zuwa fari a saman tsoka kawai. Akawal kuma baƙi da ɗan shuɗi ko toka a wuraren da haske ke sauka, in ba haka ba zai zama dunƙulen gawayi. Ni danda nayi saboda irinsa mahaifinmu ya taɓa ajiyewa, yayana yana gani ya gane, wannan ne ma ya fi taɓa shi akan lifidin gaba ɗaya, abun da bai ɗauke ni minti goma ba.

Gidajen lifidi ka zaɓi kala uku ka tsaya, ja da rawaya da shuɗi ko fari. Ka shafe duka da mafi haske, sannan ka bi gida-gida da sauran, rawaya bata rufe duhu don haka ita ce a ƙasa. Sai ruwan inuwa ya bi cikin ɗinkin, nan take zaka ga abun ya tashi. In ya taru a ƙasa kamar kududdufi ka tsotse da busasshen buroshi tun bai bushe ba. Yashin faifai da gashin jimina da wutsiya, ka dangwali fenti mai haske da tsohon buroshi ka goge a tishu har kamar babu komai, ka riƙa share saman a hankali.

Ido kuwa ka barshi. A wannan girman layin duhu ya wadatar, masu ƙoƙarin sa fari da baƙi yawanci da mai firgita suke ƙarewa.

Hattara: kar fenti ya kai gindin gashin buroshi, zai buɗe ya zama tsintsiya. In an ɗauke wuta ka haƙura ko ka nemi fitila mai farin haske, kalar da ka haɗa a hasken rawaya da safe wata ce daban.

Yanzu ne zaka ɗora mahayin. Ka kankare fentin inda zasu haɗu, gam akan fenti fentin yake riƙewa ba sojan ba.

10. Banish

Hannu zai riƙa taɓa shi, don haka banish, wato shafin kariya mara launi, mara sheƙi shafi biyu sirara, bayan fentin ya kwana. Da damina in iska tayi laima banish na feshi yana yin fari kamar an barbaɗa gari, kuma akan aikin sati biyu zai yi maka hakan, ka gwada a wani abu daban tukuna ko ka yi amfani da na buroshi. In kana son takobi da kan mashi su yi ƙyalli ka ɗiga musu mai sheƙi daga baya. Ciyawar faifai bayan banish ake sa ta.

11. Naɗewa da miƙawa

Kar ka naɗe shi da auduga, zarenta yana kama mashi da linzami, wajen cirewa ake karyawa. Ka manna maganaɗisu a ƙasan faifan ka samu ƙaramin gwangwanin alawa ko na biskit wanda maganaɗisu ke kamawa, mai zurfin da mashin bazai taɓa murfi ba, sojan zai tsaya cak ko an kife gwangwanin. Ka gwada da kanka, ka girgiza a saman katifa. In babu, soso mai laushi ka yanke masa gurbi daidai jikinsa. Na taɓa aika wani ta mota a kwali da tishu kawai, ya isa kai daban doki daban, tun daga nan da hannuna nake kaiwa in dai garin ana zuwa. Kar kuma ka barshi a mota a rufe cikin rana, roba tana lanƙwashewa.

A ƙasan faifan ka rubuta shekara da harafin farko na sunanka da siririn buroshi. Cikin gwangwanin ka sa 'yar takarda mai sunayen fentin da kayi amfani dasu, saboda ran da wani wuri ya goge ko yaso ya ƙara wasu mahaya su dace da wannan. Ragowar sassan akwatin ma ka zuba a leda ka haɗa masa, 'yan wasan nan basa raina kai ɗaya ko garkuwa ɗaya, ni dai na riƙe dawaki uku saboda ƙanwata ta riga ta ce mijinta ma yana so kafin babbar sallah.